Na-Tsaye da zoben jijiyar ɓera

Yayana ba ya cin abinci a zaune sai in an yi baƙi, kuma ko da baƙin, a bakin kujera yake ɗosana jiki kamar mai jiran a kira shi. Tun muna yara Inna, Allah ya jiƙanta, ta gaji da cewa "zauna" ta sa masa Na-Tsaye. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har 'ya'yansa in suna gulmarsa a ɗaki da shi suke kiransa. In ka ce ya huta sai ya ce maka zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ni kuma in ce masa kifin ma da yawonsa a kasko yake ƙarewa.

Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, kuma ni ce mai mota a danginmu, don sana'ata ke nan, koyar da tuƙi. Ina iya zama kusa da mace ta kashe mini mota a tsakiyar titi, ta sake kashewa, ana ta danna mana ham, ban ɗaga mata murya ba. Amma Yaya ya shiga motata, kafin mu sha kwanar farko na fara tafasa. Ya sauke gilashi ya ɗaga, ya kunna rediyo ya kashe, ya ce in bi ta hagu don ta fi sauri, alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba. In muka tarar da cunkoso sai dai in ji ƙofa ta buɗe. Ya sauka ya kama hanya da ƙafa, in iske shi can gaba yana duba agogo kamar ni ce na makara.

Mutane suna cewa haka aka haife shi, ni ma na daɗe ina faɗin haka. Amma na tuna lokacin da abin ya ƙaru. Babanmu ya faɗi a wurin aiki ɓarin jikinsa ya shanye, aka dawo da shi gida aka ajiye a wata kujera mai hannu kusa da taga. Shekaru ya yi a kanta. Yaya ne mai ɗaga shi, mai juya shi, mai goge masa baki, a lokacin ko gemu bai fara ba. Da Baba ya rasu, Yaya ya ɗauki kujerar nan ya kai ta bakin titi ya ajiye, bai shawarci kowa ba.

Ya yi sana'o'i kamar mai ɗanɗana miyar maƙwabta. Ya zauna da mai gyaran agogo, in za a kira wannan zama, ya bari. Ya yi shagon hoto, ya bari. Daga ƙarshe wani ya samo masa aikin wanke kwalabe a ɗakin bincike na wata makarantar likitoci, muka ce wata biyu ya yi yawa. A nan ya tsufa. Abin da ya riƙe shi kuwa, a can aka gano abin da mai agogo ya taɓa faɗa ba mu saurara ba: duk rashin natsuwar da Allah ya zuba wa Yaya a jiki ta tsallake hannuwansa. Ƙafa na rawa, baki na zuba, amma in ya riƙe hantsaki da ɗan almakashi, yatsun nan ba sa ko motsi sai inda ya aike su.

Wata rana na je ɗaukarsa, kuma kamar kullum, mai azalzalar kowa shi ne bai shirya ba. Ya sa mini farar riga ya ja ni ciki. Ɗaki ne dogo mai sanyi, da warin sinadari, da firji biyu masu gurnani. A kan teburi an jera wasu ƙananan kofunan gilashi cike da ruwan gishiri mai ɗumi, iska na ɓulɓulowa daga gindinsu. A cikin kowane kofi akwai wani ɗan farin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba, an sarƙafe shi tsakanin ƙugiyoyi biyu masu sirantakar gashi. Ya ce zobe ne da aka yanko daga babbar jijiyar jinin ɓera, kuma yana raye. In ya matse, ƙugiya za ta ji, layi ya hau a fuskar kwamfuta. In ya saki, layin ya sauko.

Ya ɗiga wani magani, layi ya hau ya tsaya a sama. Ya ɗiga wani, layin ya gangaro a hankali har ƙasa. Yaya ya dube ni yana washe baki kamar shi ya haifi jijiyar.

A tsaye ya yi mini karatun, yana kai da kawowa. A cikin kowace jijiyar jini, in ji shi, akwai wata shimfiɗa da ta fi ɓawon albasa sirantaka. Ita ke yin wata iska da suke kira naitirik oksayid, iskar ta ratsa bangon jijiyar ta ce masa ya saki jiki, jini ya samu hanya. Mai ƙera iskar wani enzayim ne, wato ɗan ma'aikacin da ke cikin ƙwayar halitta, kuma kayan aikinsa arjinin, ɗaya daga cikin amino asid da jiki ke gina nama da su. To in aka ɗauki arjinin ɗin nan aka maƙala masa wani ɗan ƙari a jela, sai ya zama wani abu daban. Kamanninsu ɗaya, enzayim ya karɓe shi, amma iska ba za ta fito ba. Ya wanke kofin, ya zuba irin wannan gurɓataccen arjinin, ya jira yana tsaki, ya maimaita abin da ya yi ɗazu. Layi ya hau. Ya ɗiga maganin saki, layin ya yi kamar ba da shi ake ba.

Na ce ai wannan makullin wata mota ne ka cusa a tawa, ya shiga amma ya ƙi murɗawa, ya kuma tare wa na gaske hanya. Ya tsaya ya yi mini kallon mamaki, ya ce ashe kan direbobi ma yana ja. Ya ƙara da cewa in aka zuba arjinin na gaske da yawa yana iya ture baƙon, kuma wai jikin mutum da kansa yana yin irin wannan makullin banza kaɗan-kaɗan kullum, suna kiransa ADMA. Jiki ya narkar da wani, ƙoda ta fitar da wani. In ƙoda ta gaza sai ya taru a jini. Na ce to, na ji, ɗauko jakarka mu tafi. Jakar tana kan wata doguwar kujera marar baya da ke kusurwa, wadda aka ba shi tun ranar da ya fara aiki, ya mayar da ita wurin ajiye kaya.

Abu guda ya hana ni fita sai da ya gaya mini shi sau biyu. Shimfiɗar nan ba ta son taɓi. Bakin hantsaki ya ɗan goge cikin zoben, ko hannu ya karkace wurin sa ƙugiya, shi ke nan ta tafi, zoben zai matse amma ba zai ƙara saki ba ko me ka zuba masa. Shi ya sa kafin kowane gwaji ake fara tambayar zoben ko shimfiɗarsa na nan. Wanda ya ƙi saki tun a wannan mataki, kwandon shara. Ɗalibai sukan ɓata da yawa kafin hannunsu ya faɗa, shi kuwa Yaya yana alfahari ya manta rabon da ya ɓata ko ɗaya. Ba ya yafe wa mai ɓata zobe da ganganci. Yakan ce ɓeran nan bai ci maka komai ba, ransa ya bayar, kai kuma ka zubar a kwando.

Hawan jini ya daɗe da kama shi. Magani yana sha in ya tuna. Asibiti kuwa yana zuwa, kada in yi masa ƙarya, yana zuwa ya yanki kati ya tsaya a layi, in ya ga layin ba ya tafiya ya ce bari ya leƙa wurin aiki ya dawo. A kira sunansa ba ya nan. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Mutumin da ke gaya wa ɗaliban likita yadda jijiya ke matsewa, tasa na matsewa yana yawo da ita. Wanzami ba ya son jarfa.

Matarsa, wadda muke kira Anti, mace ce mai sanyi, in tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa, Allah ya haɗa ta da guguwa. Ita ta fara cewa ƙafafunsa ba sa barin ta barci, motsi suke yi ko yana kwance. Muka yi dariya, na ce Anti, yau kika san wanda kika aura? Ta ce yana sosa jiki kamar mai ƙazuwa, ta ce abinci ya daina yi masa daɗi, yana kai loma biyu ya ture. Muka ce ai dama bai taɓa tsayawa ya ji ɗanɗanon abinci ba. Ciwon ya samu maɓoya a cikin halinsa, duk alamar da ya nuna sai mu ce Na-Tsaye ne. Sai ranar da na ga ya take bayan takalminsa yana ja kamar silifa, na ɗaga ƙafar wandonsa ba tare da neman izini ba, na danna yatsa a ƙaurinsa, ramin ya ƙi cikowa.

Washegari na ce zan kai shi aiki. Yana shiga na danna makullin ƙofofi na nufi asibiti. Ya yi faɗa, ya ce ni ƙanwarsa ce ba uwarsa ba, na ce Inna ta bar mini wasiyya, ƙarya nake yi kuma ya sani. A layi na riƙe gefen rigarsa kamar yaron da za a tsallaka da shi titi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, muka koma bayan kwanaki. Likitan ƙoda, wani dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, ya juya takardu ya ce ƙodojin sun kusa ajiye aiki gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne wankin ƙoda, kuma ba maganar a je a yi shawara ta watanni ba ce. Ya bayyana yadda ake yi: a haɗa mutum da na'ura, jininsa ya bi ta ciki a tace shi ya dawo, sa'o'i masu yawa, a kuma maimaita a kowane mako har iya rayuwa ko a samu dashen ƙoda.

Yaya bai tambayi ko da zafi ba, bai tambayi ko zai warke ba. Cewa ya yi: "A zaune ake yi?"

Likita ya ce akwai kujera mai kwantawa, mai daɗi ma.

Yaya ya yi masa godiya ya fita. Kafin in tattara takardu in kai mota ya kai ƙarshen titi.

Makonnin da suka biyo baya ban taɓa jin haushin ɗan Adam kamar yadda na ji nasa ba. Anti ta yi kuka, 'ya'yansa suka yi ta bugo waya daga inda suke, ni na yi zagi na yi lallashi na koma zagi. Shi kuwa ya ƙara wuta. Ya yi wa ɗakin girki fentin da ba wanda ya ce ya yi, ya kwance famfon banɗaki ya kasa mayarwa, ya riƙa fita tun da sassafe yana zaga unguwa da kumburarrun ƙafafu yana tsayawa jikin bango yana haki. In ka yi masa maganar sakamakon gwaji sai ya ce lambobi ne daga na'urar da bai san wanda ya saita ta ba. Ni ma rashin zaman ya kama ni. Ina cikin koyar da wata baiwar Allah ribas na daka mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta fashe da kuka, na ba ta haƙuri na ce ba da ita nake ba.

Ran nan na tare shi a matakalar gidansu yana hutawa a tsaye, hannu a kan ƙarfe. Na ce Yaya, mutuwa kake so? Ya dubi takalminsa.

"Baba ma cewa aka yi ya ɗan zauna ya huta," in ji shi. "Ke kina ƙarama. Ni na san nauyinsa."

Tausayi ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba.

Shi ya kawo sharaɗin da kansa. Ya ce abu ɗaya ne bai taɓa yi masa ƙarya ba a duniya, zoben jijiya. A ɗebi jininsa, a tace ruwan, ya rataya zobe da hannunsa ya zuba masa. In gaskiya ne makullin banzan nan ya taru a jikinsa, zoben zai ƙi saki, shi kuma zai bi ni asibiti ba gardama. In zobe ya saki, kowa ya fita harkarsa. Gani ya kori ji, in ji shi.

Na je na sami shugabar ɗakin bincikensu, wadda kowa ke kira Dakta. Tana ɗaliba Yaya ya koya mata riƙon hantsaki, har yau Malam take ce masa, shi kuma yana ce mata Dakta yana mata faɗa a kan wanke kofi. A baranda muka tsaya. Ta ce wannan ba gwaji ba ne, jini ba abu ɗaya ke cikinsa ba, zobe na iya ƙin saki saboda wani dalili daban, kuma yana iya saki lafiya lau ko da mutum na bakin kabari, tunda ɗan abin da za a ɗiga zai tsarma a ruwan kofi. Ta ce Malam ya fi ta sanin haka. Na gane in zoben ya saki, Yaya ba zai ƙara taka asibiti ba. Na ce to Dakta, ki taimaka ki ɗan zuba wancan gurɓataccen arjinin naku a cikin kwalbar jinin, ba wanda zai sani. Ta dube ni har na ji kunya.

"Shi ya koya mini ba a yi wa zobe ƙarya. Kuma daga yadda layin zai kwanta zai gane."

Ta yarda dai za ta bar masa ragowar jijiyar ɓeran da za a yi aikin ɗalibai da shi, tunda dama zubarwa za a yi. Har na juya ta ƙara wata magana. Ta ce ya kwana biyu bai yanka zobe da hannunsa ba, ɗalibai yake sa wa, wai don su koya. Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba a lokacin.

Ranar gwajin da safe na kai shi. Ya sa rigarsa mai tsabta, ya ƙi karyawa. Ruwan jininsa na cikin wata 'yar kwalba a kan ƙanƙara, rawaya-rawaya, ba ka ce akwai abin da zai kashe mutum a ciki ba. Dakta ta sallami ɗalibai ta rufe ƙofa. Ragowar jijiyar na kwance a faranti cikin ruwan sanyi, ɗan farin zare, abin da zai ba da zobe uku in an yi tattali.

Ya sunkuya a kan madubin ƙara girma, ya share kitsen da ke jikinta, ya yanka. Ni ban san aikin ba, amma na san hannun ɗan koyo a kan sitiyari, na san hannun da ke yin abin da mai shi bai ce ba. Yana cusa ƙugiya ta biyu na ga wuyan hannunsa ya yi wani ɗan zillo, kamar wanda gyangyaɗi ya fizga. Ya ci gaba kamar ba a yi ba. Ya rataya zoben, aka jira ya saba da ruwan, jiran da Yaya ya cika da goge teburin da ba datti a kansa. Sannan tambayar farko, wadda ake yi kafin a taɓa kwalbar jini. Ya ɗiga na matsewa, layi ya hau. Ya ɗiga na saki. Layin ya tsaya a sama.

Ya ce ruwan gishirin ne, wa ya haɗa shi? Dakta ta ce ita ce. Ya duba zafin ruwan, ya duba bututun iska, ya ɗaga kwalbar magani ya karanta kwanan watan da ke jiki, ya ce ɗaliban yanzu ba sa rufe firji. Ya cire zoben ya jefa a kwando bai kalle shi ba, ya yanka na biyu. Wannan karon ya dafe gwiwar hannunsa da teburi, ya riƙe numfashi, gumi na tsattsafo masa a goshi a ɗakin da ni nake jin sanyi. Ban ga zillon ba, na fara murna, ban ma san abin da nake wa murnar ba. Aka sake jira. Layi ya hau, aka ɗiga na saki, ya ɗan sunkuyo kamar zai gaishe mu ya koma ya miƙe.

Saura guntu ɗaya a faranti. Yaya ya ɗauki hantsaki ya kai kansa. Muna kallo, shi ma yana kallo, bakin hantsakin yana rawa a saman ruwan. Ya sa hannun hagu ya riƙe na dama, suka yi rawar tare. Firji na gurnani, iska na ɓulɓula a kofuna.

"Biyu na zubar," in ji shi. "Ɓeran nan bai ci mini komai ba."

Ya juya hantsakin ya miƙa wa Dakta ta wajen mariƙi.

Ta yanka, ta rataya, shi yana tsaye a bayanta, kuma a karon farko tun da na san su bai gyara mata komai ba. Ruwan dai shi ne, maganin shi ne, ɓeran shi ne. Layi ya hau. Ta ɗiga na saki, ya gangaro sumul har ƙasa, irin gangarowar da ya taɓa nuna mini yana washe baki. Dakta ta wanke kofin, ta ɗauko 'yar kwalbar jininsa daga kan ƙanƙara, ta buɗe murfin ta dube shi.

"Malam, in zuba?"

"Mayar da shi firji," in ji Yaya. "Na ga abin da na zo gani."

Ya waiga kamar mai neman wani abu. Ya je kusurwa, ya sauke jakarsa ƙasa daga kan doguwar kujerar nan, ya zauna. Zama sosai, da dukan nauyinsa, hannuwa a kan cinya. Tun ina yarinya nake roƙon in ga ranar da Yaya zai zauna, yau ga ta, kuma ba abin da nake so irin in kama shi in tsayar. Na fita baranda na yi kukana na share fuska na dawo na ce mota na waje.

A hanya muka tarar da cunkoso mai tsawo. Ban danna makullin ƙofa ba, da gangan. Bai sauka ba. Bai taɓa rediyo ba, bai ce in bi ta hagu ba, sai da muka kai mararraba ya nuna hanyar asibiti da haɓa.

Ba zan ce ya zama wani mutum daban ba, hali zanen dutse ne. Ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda sun san shi tun makon farko. Ya gaya musu agogon bangonsu ya yi latti, ya tambayi wanda ya saita na'urar, ya san ciwon kowa da ke layin kujerun da sunan 'ya'yansa, ƙafafunsa na kaɗawa a ƙarƙashin bargo tun daga farko har ƙarshe. Amma yana zuwa, kuma yana zama har a gama. Kumburin ya sauka, rawar hannun ta ragu sosai. Dakta ta ce ya gwada yanka ko ɗaya ne, ya ƙi, ya ce ba zai yi gwaji da ran ɓera ba. Yana zuwa aiki a ranakun da ba wanki, ya tsaya a bayan ɗalibai ya hana su sakat. 'Yar kwalbar tana nan a firji da alamar da ya yi mata, ba a zuba ba, ba a kuma zubar ba.

Da farko ta wuya ake haɗa shi da na'urar. Daga baya aka yi masa ɗan aiki a hannu, aka haɗe jijiyoyi biyu don ɗaya ta buɗe ta yi faɗin da za ta ɗauki allura. Aka ce sai an jira ta nuna. Kullum yana dubawa. Ran da za a fara amfani da ita, ina zaune kusa da shi, ya kamo yatsana ya ɗora a wurin. Na ji wani zirrr a ƙarƙashin fata, ba ya tsayawa, kamar mota a kunne ba a sa giya ba. Ya ce jini ne ke gogar shimfiɗar, ita kuma tana ta yin iskarta, jijiyar na buɗewa, ashe duk da makullan banzan da ke yawo a jikinsa akwai sauran masu aiki. Na ce wato ko jijiyarka ba ta iya zama shiru. Ya yi dariya har ya yi tari.

Nas ɗin da ta zo sa allurar sabuwa ce, yarinya, ga allurar kuwa kauri. Ta goge wurin, ta kai hannu, na ga yatsunta na ɗan rawa. Na san Yaya da masu rawar hannu, na shirya jin faɗa. Ya dubi yatsun nata, ya miƙe hannunsa a kan matashi ya sake shi gaba ɗaya.

"Dafa gwiwar hannunki a nan, 'yata," in ji shi. "Ki shiga a hankali. Akwai shimfiɗa a ciki."